Ranar da Abba Ya Kalli Ƙwallon Tebur

Tak, tak, tak. Ƙarar wani ɗan farin ƙwallo ce da ke dukan tebur, tana fitowa daga wayar yayana da na jingina da butar gahawa a kicin ɗinmu na unguwar Jurf, a Madina. Lokacin saukar alhazai ne, zafi ya kai inda ya kai, labule a sake tun hantsi.

Yaya yana aikin sauke kaya a filin jirgin Madina. A irin wannan lokaci, da ya shiga dawam, wato lokacin aiki, sai a karɓe wayoyinsu, ba ya sake ganin tasa sai an tashi. Shi ya sa a ranar ya bar min ita. Ya same ni a bakin ƙofa, ya rage murya, ya nuna min wani shafi inda mutane ke sayen "eh" ko "a'a" a kan abin da bai faru ba tukuna. Farashin yana hawa yana sauka, kuma mutum na iya sayar da nasa kafin a gama.

Na ce, "Yaya, wannan ai caca ce."

"Kasuwa ce, auta. Saye da sayarwa."

"To me ka saya?"

"Na sayi cewa masu shuɗiyar riga za su ci."

"A leda aka sa maka?"

"Ke dai kin cika surutu. Yalla, duba nan."

Wasan mata ne, ƙasa da ƙasa. Ya nuna min wata doguwa a cikin masu shuɗin, ya ce ba a taɓa ta. Idan na ga ta fara shan wuya, in danna wurin sayarwa. Idan tana ci, in bar komai yadda yake.

Mu duka mun san abin da ke rataye a kansa. Bara waccan Abba ya kama shi da irin wannan a kan ƙwallon ƙafa, ya kuma faɗa a gaban Umma cewa idan ya sake, zai mayar da shi Kano, shagon kawu. Abba malami ne a jami'a, ba ya maimaita magana. Yaya kuwa a Madina aka haife shi. Kano hutu kawai yake zuwa, ya dawo yana ƙorafin ana dariyar Hausarsa.

Na karɓi wayar don ban iya ce masa a'a ba.

Ban taɓa kallon wasan ba kafin ranar. Na yi zaton hayaniya zan gani, sai na tarar da shiru. Mace ta sunkuya, ta ɗora ƙwallon a tafin hannu kamar mai riƙe da ƙwan tantabara, ta jefa sama, idonta na bin sa. Doguwar ta ci wasanta cikin sauƙi. Lambar farashin da ke gefe ta hau. Na miƙe zan kashe, a zatona an gama, sai ga wasu mata biyu daban sun fito.

A nan na gane abin da Yaya bai sani ba. Shi da idon ƙwallon ƙafa ya kalli abin, inda gwani ɗaya ke cikin fili daga farko har ƙarshe. A nan kuwa bi da bi ake fitowa, sai ƙungiya ta ci wasa uku, kuma doguwar ba za ta buga fiye da biyu ba. Abokan wasanta biyu suka fito, aka cinye su. Lambar ta yi ƙasa. Doguwar tana zaune a benci da tawul a wuya, ba ta shan wata wuya. Umarnin da aka ba ni bai ce komai a kan haka ba, sai na zauna da hannuna a cinya.

Ta sake fitowa bayan la'asar, daidai lokacin da Abba ya shigo neman ruwan sanyi. Ban ji buɗe ƙofa ba.

"Wayar wa ce wannan?"

"Ta Yaya ce, Abba."

Ya gyara tabarau, ya sunkuya. "Wannan lambar da ke motsi fa?"

Na faɗa masa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ya yi min tambayoyi a hankali, irin yadda nake jin yana yi wa ɗalibansa a falo: me ya saya, a hannun wa, idan matan nan suka faɗi me zai rage masa. Na ce ba abin da zai rage.

"Kuma ke ya bar wa gadi."

Na sunkuyar da kai. Na jira ya ɗauke wayar. Maimakon haka ya jawo kujerar da Umma ke zama ta yanka albasa, ya zauna da farar rigarsa ta aiki.

"Kar ki taɓa komai."

Doguwar ta sake ci. Aka zo wasan ƙarshe, wata ƙaramar yarinya mai gajeren gashi ta fito wa masu shuɗin. Umma ta leƙo, ta ga mijinta ya zuba wa waya ido, ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ɗaga mata hannu kawai. Yarinyar ta yi ta maido ƙwallo daga nesa da teburin, tana goge tafinta a riga. Sau ɗaya na ji Abba ya ce, "Tana da haƙuri." Leɓensa na motsi, na ɗauka istigfari yake yi mana. A ƙarshe ƙwallonta ya daki raga bai tsallake ba, aka cinye ta. Lambar ta sauka har ƙasa, ta tsaya.

Yaya ya dawo gab da magariba, rigarsa jiƙe da gumi. Abba ya miƙa masa wayar da hannunsa, ya ce, "Kasuwarka ta tashi. Yi alwala mu tafi masallaci." Ba a yi maganar Kano ba a ranar, ba a yi ta washegari ba. Yaya ya yi kwanaki yana tafiya a gidan kamar baƙo, yana jiran a kira shi. Ba a kira shi ba. Ni kuma ya daina yi min magana na ɗan lokaci, sannan wata rana ya kawo min littafi daga shagunan titin Sultana, aka wuce wurin.

Na daɗe ina zaton Umma ce ta roƙa masa. Sai bayan na yi aure, muna tsince shinkafa ni da ita, ta gaya min cewa ba ta ce uffan ba. Abba ne ya faɗa mata a ranar wasan: tun da ya zauna a kujerar nan ya yanke cewa idan masu shuɗin suka ci, to a cikin makon, Yaya zai tafi Kano, don wanda ya ɗanɗani ci ba ya bari da magana. Addu'ar da na ga yana yi, ta a cinye yarinyar ce.