Baba Sifana da Bawul ɗin Unguwa

Shekara talatin da ɗaya Baba Sifana ya yi yana aikin famfo a hukumar ruwa kafin ya yi ritaya. Abokan aiki ne suka laƙa masa sunan, don ko gaisuwar mara lafiya za shi, sai ka ga sifana ta leƙo daga aljihunsa. Rabin bututun da ke kwance a ƙarƙashin unguwarsu da hannunsa ya shimfiɗa su.

Shekarar da damina ta ƙi sauka, dam ya ja baya, hukuma ta ce sau biyu a mako za a riƙa sako ruwa. Baba bai yi gardama ba, ya san fari ba laifin kowa ba ne. Shi ma ya kafa doka a gidansa. Mai wanka a cikin baho zai tsaya, ruwan da ya taru a wanke kaya da shi, abin da ya rage a kai banɗaki. Kwanuka sai an goge maiƙonsu kafin su ga ruwa.

"Malam," in ji matarsa, "saura ka ce mu riƙa tara hawayenmu a kofi."

"In da yawa, a tara," ya ce.

Sakin ruwan nan na sau biyu a mako ya koma sau ɗaya. Daga nan aka yi mako uku famfo ba ya komai sai tari. Matar ɗansa ta fara ɗebo na wata tsohuwar rijiya, ruwa ja wur. Ba a yi kwana huɗu ba jikarsa 'yar shekara biyu ta kama gudawa, aka kwantar da ita a asibiti.

A hanyar dawowa daga dubiya Baba ya bi ta bayan sabon gidan bulo da aka buɗe a bakin titi. Sai ya ja ya tsaya. Ma'aikata na fesa wa bulo ruwa da tiyo, rarar tana gangarowa cikin kwata. Ya je wurin babban bawul ɗin da ke raba ruwa, ya ɗaga murfin, ya ɗora sifana a kan ƙarfen, ya kafa kunne. Ruwa na gudu. Ɓangaren unguwa an murɗe shi gam, ga sabon bututu an ja zuwa gidan bulo.

Daga nan ya zarce ofishin hukumar ruwa. Manajan ko kujera bai nuna masa ba.

"Ranka ya daɗe, wa ya rufe mana ruwa?"

"Baba, fari ake yi. Kowa haƙuri yake."

"Bulo ma haƙurin yake? Na gan shi yana wanka da rana tsaka, jikata tana kwance ana ƙara mata ruwa a jijiya!"

"Ka yi ritaya, Baba. Je ka huta."

"Ritaya na yi, ba makancewa ba! Ka sa mata suna wanke jarirai da ruwan kwanuka, kai kana nan da sanyin ofis. Ba ka ji kunya ba?"

Masu gadi biyu ne suka riƙo shi har bakin ƙofa.

Bai koma gida ba. Ya bi layi yana buga ƙofofi, yana cewa kowace mace ta fito da bokitinta. A gabansu ya durƙusa ya kama bawul ɗin. Ya yi tauri, ƙarfinsa kuma ba na da ba ne, sai da mata biyu suka kama masa kafin ya juya. Can sai aka ji ihu daga cikin gidaje: famfo ya kawo.

Awa huɗu ruwan ya yi yana zuba kafin 'yan sanda su iso. Baba ya kwana biyu a tsare bisa laifin taɓa kayan hukuma, aka kuma rufe bawul ɗin da murfin ƙarfe da kwaɗo. Amma matan sun riga sun gani da idonsu. Kwana uku suka yi suna zama a ƙofar ofis da bokitai ba komai a ciki, suna kaɗa su, har aka yarda a riƙa turo tankar ruwa duk Litinin da Alhamis. Bututun gidan bulo kuwa ba wanda ya taɓa shi.

Jikar ta warke. Baba ya fito da ciwon gwiwa saboda kwanan siminti, har yau da sanda yake tafiya. Ranar da tanka ta fara zuwa, manajan ya biyo ta da mai ɗaukar hoto, wasu na ta yi masa godiya. Baba ya ratsa layin yana dogara sandarsa, ya tsaya a gaban matar ɗansa.

"Cika jarkarki ki wuce," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ruwanmu ne suka ɗan sam mana. Kar na ji kin ce an gode."