Tafiyarmu Maiyama a Motar Baba Direba

Da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, sai aka bi takardunmu, kowane ma'aikaci aka tura shi jiharsa ta asali. A tawa takardar an rubuta Jega, don can aka haifi mahaifina. Ni kuwa a Sakkwato na tashi, sau biyu kacal na taɓa zuwa Jega, duka ta'aziyya ce ta kawo ni. Haka na ɗauko jaka da katifa na zo a matsayin malamin gona, na bar matata da yara uku a gidan surukaina har in sami muhalli.

Ɗaki guda na kama a bayan kasuwa. Da safe in hau babur ɗin ofis in zaga gonakin albasa na Aliero ko na Gehuru, in dawo bayan azahar. Daga la'asar zuwa magariba ne lokacin da ya fi yi mini tsawo. Mutanen gari suna gaishe ni da mutunci, amma kowa yana da majalisarsa tun ta ƙuruciya. Sai in wuni ban yi wata magana da kowa ba in ba ta taki da iri ba.

Wata rana kacar babur ta tsinke, na tura shi zuwa wani gareji a bakin hanyar Aliero. Na tarar da mutum uku ƙarƙashin dalbejiya suna gardama har jijiyar wuya ta tashi. Ɗaya dattijo ne mai furfura, ana ce masa Baba Direba, ya yi shekara da shekaru yana jan mota kafin ya ajiye. Na biyu wani Alhaji ne mai fataucin albasa daga Aliero. Na uku shi ne bakanike mai garejin.

"Gwangwanin madara!" in ji Baba Direba, yana nuna akori-kurar Alhaji ƙirar Japan. "Ka jingina da ita ta lotse. Wagga ita kaka kira mota?"

Alhaji ya ce, "Baba, gwangwanin ga shi ka kai albasata kudu shi dawo ko tari bai yi ba. Taka hwa? Kowace rijiya sai ta tsaya ta sha ruwa."

Motar Baba tana nan gefe, doguwa, fara, ƙirar Faransa, an lulluɓe gilashinta da buhu. A wajensa babu kamarta: cikinta ya yi nisa da ƙasa, ba ta tsoron rami, kujerarta kamar katifa, in ta lalace a daji da waya da filaya ma a gyara ta. Alhaji ya ce shi ba kwana ya zo yi cikin mota ba, ita dai ta tashi bugu ɗaya ta sha mai kaɗan. Bakaniken kuwa ta Jamus yake so, ko da yake bai taɓa mallakarta ba. Hujjarsa ɗaya ce kullum: a rufe ƙofarta a ji ƙarar, sai a san an kashe ƙarfe. In ya faɗi haka sai su biyun su haɗu a kansa, su tambaye shi wata nawa ake jiran kayan gyaranta.

An gyara kaca, amma washegari na koma, na ce birki nake so a duba. Daga nan na daina neman dalili. Nakan zauna a ƙarshen benci in saurara. Ba wanda ya tambayi labarina, Malamin Gona kawai suke ce mini. Ranar da Alhaji ya juyo ya ce in raba gardama, sai na ce ta Faransa ta fi. Ban san komai a kan haka ba. Na dai lura Baba Direba shi kaɗai ne yake matsa mini wuri in na zo.

Sai da na yi watanni kafin na gane me ya sa motarsa ba ta motsawa. Yanar ido ce ta ci ganinsa. Da lalube yake goge ta kowace safiya, ya tashe ta, ya saurari injin, ya kashe.

Cikin damina, ran nan sauran sun shiga masallaci alwala, ya riƙo hannun rigata ya ce, "Malam, ka iya tuƙi?"

Na ce na koya a Sakkwato, amma na daɗe ban ja ba.

"Yayata na can Maiyama ba lahiya. Mu biyu munka rage. Ban son a ɗauke ni motar haya kamar buhu."

Ran Asabar da hantsi muka kama hanya. Tun kafin mu fita gari na kashe motar sau biyu, bai yi faɗa ba. Ya jingina da kujera ya rufe ido, da kunne yake tuƙa ni, yana gaya mini lokacin canza giya. "Sa na uku. A'a, saurara mata, ba ta gama ba. Yanzu." Ya san inda kwalta ta fashe, ya san kwanar da ke tafe tun ban hango ta ba. Gero ya yi kore shar dama da hagu, yana tambayata ko ya fara fitar da kai. Ya ba ni labarin yayarsa, cewa ita ta goye shi, kuma ranar da ya sayi motar ita ya fara ɗauka, ta ƙi zama gaba don kada a ce ta yi rawar kai.

Gidanta yana can gefen gari, sai an sauka daga kwalta. Ruwan daren jiya ya kwanta a hanyar, na tsaya na ce ba za mu wuce ba. Ya ce in sa na biyu, kada in ɗaga ƙafa. Motar ta shiga caɓi tana wutsil-wutsil, ta fita. Baba ya daki cinyarsa yana dariya. "In mun koma kai za ka gaya ma Alhaji. Ni in na hwaɗi cewa zai yi ƙarya nika yi."

Da muka karya kwana na hango tabarmi a ƙofar gidan, da maza zazzaune. Shi bai gani ba. Na rage gudu. Ya ce, "Mi ya hwaru?" Kafin in amsa ya ji sautin addu'a. Da asubar ranar ta rasu, an riga an kai ta. Wanda aka aika Jega ya sanar da shi mun yi saɓani da shi a hanya.

Na riƙe hannunsa na kai shi tabarma. Na zauna cikin mutanen da ban sani ba ina karɓar gaisuwa, kowa yana zaton ɗansa ne ni. Da la'asar ya ce in mayar da motar gareji, shi sai an yi bakwai. Na dawo Jega ni kaɗai, ba mai ce mini in canza giya.

Bai dawo ba. Ɗan yayar tasa ya riƙe shi, ya tafi da shi Kuberi inda yake noma. Majalisa ta rage armashi. Alhaji da bakanike sukan taɓa gardamar su bari. Na ba Alhaji labarin caɓin kamar yadda aka sa ni, ya ce, "Ai na sani, motar kirki ce," ya kau da kai. Da rani bakaniken ya kwashe kayansa ya koma Birnin Kebbi, inda manyan motocin sabuwar jiha suke.

Sau ɗaya aiki ya kai ni Kuberi na nemi Baba. Na same shi a zaure, idon ya tafi gaba ɗaya. Ya gane ni da sallama. Ya sa aka kawo fura, ya tambayi iyalina, karo na farko ke nan. Na ce har yanzu suna Sakkwato. Ya ce, "Ka ɗauko su, Malam, ko ɗaki guda ne. Zama kai ɗai ba shi da kyau."

Bayan girbi na tafi na ɗauko su. Ɗakin ya yi mana kaɗan ƙwarai, yaran suna kwana a tabarma har bakin ƙofa. A nan muka yi shekara guda kafin na sami gida mai ɗaki biyu.