Bindigar Kakan Malachy

Djibrilla yana da bindigogi shida, kuma bai taɓa harba ko ɗaya ba. Dukkansu tsofaffi ne, irin waɗanda ake sa wa harsashi ɗaya, a harba, a sake ɗurawa. Suna kulle cikin kabad na ƙarfe a gidansa da ke East Greensboro, a Amurka. Da rana yana aikin loda kaya a wani sito a Wendover Avenue. Ranar Lahadi yakan fito da guda, ya ɗora ta a kan tawul, ya sa tabarau, ya yi ta kallon zanen da aka sassaƙa a jikin ƙarfenta.

Zanen ne ya ja shi. A Damagaram aka haife shi, a gidan maƙeran azurfa, ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa kurfi, ɗan ƙarfen da ake yin zane da shi. Matarsa Tchima takan ce wa baƙi, "Ga maharbinmu nan. Ko kurciya ba ta tsoronsa."

A bazarar 2004, a wata kasuwar tsofaffin kaya, ya haɗu da Malachy, wani dattijo Bature mai shekara tamanin daga Pleasant Garden. Suka yi sa'a guda suna gardama a kan zanen ganye. Bayan wata biyu Malachy ya ba shi aron bindigar kakansa na mako ɗaya. Ya ce 'ya'yansa ba su damu da ita ba, yana neman wanda zai bar wa.

Bindigar ta yi baƙi da tsufa. A gidan maƙera, abin kunya ne ka mayar wa mutum ƙarfensa da dauɗa. Djibrilla ya jiƙa tsamiya, ya haɗa da toka, ya goge gefe ɗaya har ya yi fari tas. Ya kai wa wani mai sayar da tsofaffin bindigogi don ya gani. Mutumin ya dafe kai. Ya ce wannan baƙin shi ne darajarta, shekara ɗari da ashirin ya yi yana taruwa, kuma ba ya dawowa.

"Ka shafa mata shuni," in ji Tchima. "Tsohon ma gani yake?"

"Yana gani."

"To sai ka je ka faɗa masa, Malam. Ni dai tsamiyata ta kunu ka ƙarar."

Ranar Asabar ya tuƙa mota zuwa Pleasant Garden. Ya buɗe tawul a kan teburin Malachy, ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa. 

"Wannan baƙin da ka wanke," in ji dattijon, "gumin hannun ubana ne."

Djibrilla ya ce ya sani yanzu. Ya tsaya a tsaye, hularsa a hannu. Malachy ya juya bindigar wajen taga, ya tambaye shi me ya gani a ƙarƙashi, tunda dai ya riga ya tone.

Djibrilla ya nuna masa da farce. Mutum biyu ne suka yi zanen, ya ce. Barewar da ke tsakiya aikin gwani ce, layi ɗaya babu tsayawa. Ganyen gefe kuwa ɗan koyo ne ya yi, ga inda kurfi ya zame masa, ga inda gwanin ya dawo ya rufe kuskuren da wani ɗan reshe. Malachy ya kawo gilashin ƙara girma ya duba. Shekara saba'in yana ganin bindigar nan bai san da haka ba.

Bai ba shi ita ba. Ya mayar da ita bango, gefen da aka goge yana fuskantar ɗaki. Amma ya ce akwai wasu tara a ɗakin baya, yana so a karanta masa zanensu ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga nan, Asabar ta farko a kowane wata, Djibrilla yana can. Malachy ne ke riƙe bindigar, shi kuwa yana zaune da hannuwansa a kan gwiwa, yana faɗin abin da ya gani. Sun kai ta bakwai. Djibrilla bai taɓa tambayar wa za a bar wa ta kakan ba, kuma ba ya shirin tambaya.