Tantin Garba Mai Wuya da Aljihu

Garba tela ya zo Yamai daga Dogondutsi da keken ɗinki a ka, ya kafa rumfa a unguwar Maourey, kuma tun ranar bakinsa ya fi allurarsa gudu. Kowa ya gifta sai ya ji: "Ni abin da ban ɗinka ba, ba a saƙa yadinsa ba." Matarsa Kadi kan ce, "To, maigida, saura bakin."

Da aka samu mulkin kai, Anasara suka tafi suka bar wa ma'aikata kujeru da motoci da wata ɗabi'a: mutum da gidansa da gadonsa ya kwashi abinci ya tafi daji ya ci a ƙasa, wai shan iska. Mushe Harouna, babban komi mai tumbi, wato akawun gwamnati, ya gaji ɗabi'ar. Shi ke kawo wa Garba ɗinkin ma'aikatarsu kaf. In ya janye, aikin zai koma wurin Hasan, telan tsallaken hanya, Garba kuwa sai Dogondutsi da keke a ka.

Ran nan Mushe ya dire masa bandir na kaki. "Za mu kwazazzabon Tapoa da Madam, can cikin gandun daji. Tanti nake so. Ka san tanti?"

"Haba Mushe! Ni?"

Bai taɓa leƙa cikinsa ba. Amma a ganin Garba duk yadin da ke rufe mutum riga ce, girma ne kawai ya bambanta. Ya yanka, ya fitar da wuya, ya zuba masa aikin zare, ya liƙa aljihun da ɗan akuya zai kwana a ciki.

Kadi ta duba ta ce, "Maigida, aljanin da ka auna, a wace unguwa yake?"

Mushe ya ce wanda ya ɗinka shi zai kafa, saboda haka aka jefa Garba bayan mota tare da tukwane. Suka isa wurin: jajayen duwatsu tsaye hagu da dama, ruwa kwance can ƙasa, kukoki, tsuntsaye sai shewa suke.

Madam Haoua ta ce, "Kai, wuri ya yi kyau!"

"Duwatsu ne, Madam. Garinmu ma akwai, ba mu dai kai musu ziyara."

Gardin daji mai tsaron wurin ya ce a yi hattara da manyan birai, ya wuce. Garba ya kafa sanda, ya zura mata rigar. Mushe ya kewaya sau ɗaya, ya cire malafarsa ya rataya a kan sandar don ya ji daɗin yin fushi.

"Wannan ramin na sama fa?"

"Wuya ne, Mushe."

"Wuyan wa? Wannan kuma?"

"Aljihu."

"Litinin yadina na wurin Hasan."

Garba ya tuna da hanyar Dogondutsi. Yana lissafin nauyin keke a ka, sai ga birai sun gangaro daga dutse kamar an aika musu goron gayyata. Wannan ya suri burodi, wancan gasasshiyar zabuwa. Mushe Harouna, wanda aka ce bai taɓa sauri ba ko a kan albashi, ya riga kowa shiga mota ya rufe ƙofa.

Sai iska ta biyo kwazazzabon, ta shiga tantin ta ƙasa, ta tumɓuke turakun gefe. Riga ta cika, ta miƙe, ta buɗe hannuwa, ga aiki a wuya, ga malafa a ka: wani ƙaton alhaji da ya fi mota tsawo. Birai suka yi ƙara, suka zubar da kaya, suka haye dutse har da na goye.

Madam ta tsince zabinta ta kakkaɓe, ta zuba su a aljihun. Ta leƙa motar ta ce, "Fito, Mushe. Rigar ma ta fi ka tsayawa." Sannan ta shafa aikin wuyan. "Garba, irin wannan nake so a rigarsa ta salla."

Aka naɗe tanti, aka koma Yamai.

Litinin Garba na zaune yana hararar rumfar Hasan, sai ga ɗan aike da yadi da saƙo: labule ne, kuma Mushe ya ce ban da wuya, ban da aljihu.

A rumfar nan ya yi furfura, ana kiransa Garba Tanti. In yana ba da labarin, biran kan zama zakuna, Kadi ta mayar da su birai daga cikin gida. Shan iska kuwa bai ƙara zuwa ba. Ya ce ta Maourey ta ishe shi, kuma ita ba ta satar zabi.