Hannun da Ya Ƙi Gaisuwa

In kana so ka san yawan likitocin da Allah ya azurta Ƙonni da su, ka karya hannu. Ni na karya nawa, na dama, a hanyar Dogarawa, ranar da jak ya zame ina canza taya, mota ta sauko ta danne mini wuyan hannu. Kafin a kawo ni gida fasinjojina sun rubuta mini magani kala-kala da baki, har da wata tsohuwa mai kai zabi kasuwa da ta rantse kashin saniya mai ɗumi ne kaɗai zai tashe ni.

Motar ta mahaifina ce. Tsohon direba ne, ya ci zamaninsa a tasha, kuma abin da aka san shi da shi gaisuwa. In ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi gida da yara da damina da jakin da ka sayar bara. Da riƙo yake auna mutum, yana cewa mai sako-sakon hannu ba a ba shi amanar mota. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake a bakinsa ko ina tsaye a gabansa, kuma ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na ga ana yi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da na gane yana ganin ƙarya nake yi.

Mai ɗorin da aka kira abokinsa ne tun suna samari. Ba zan ci amanar gaskiya ba, mutumin ya iya aikinsa. Ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara da tsumma, ya yi tofi. Da aka kwance muka je aka ɗauki hoto, ƙashi ya haɗe tsaf. Kowa ya yi hamdala, ni ma na yi, ina jiran zafin ya tafi tunda aikinsa ya ƙare.

Bai tafi ba, sai ma ya sake sabon zama. Hannun ya kumbura, fatar ta riƙa sheƙi, da safe ya yi sanyi ƙalau, da rana ya yi zafi ya canza launi, shi kaɗai yana gumi ɗan'uwansa na hagu a bushe. Ciwon kuwa kamar an tsoma shi cikin man tuya an manta da shi. Hannun riga in ya goge shi sai na ciji leɓe. Iskar fanka ma abokiyar gaba ta zama, ruwan alwala kuma sai na rufe ido nake zuba shi.

Duk wannan da a ɗaki ya tsaya da da sauƙi. Amma a garinmu namiji ba ya taka ƙafa goma bai miƙa hannu ba. A masallaci da an sallame na damanka zai miƙo, a tasha kowa zai miƙo, wanda kuka gaisa da safe in kun sake haɗuwa da hantsi zai sake miƙowa kamar daga Makka ka dawo. Na hagu ba a bayarwa, zagi ne. Sai na koma ɗora hannu a ƙirji ina sunkuyar da kai, nan fa masana suka buɗe majalisa. Wasu suka ce girman kai ne ya kama ɗan mai mota. Wasu suka ce na shiga wata sabuwar aƙida da ba ta gaisawa da mutane. Masu tausayi daga cikinsu suka ce aljani na taka a bakin hanya, suka aiko da turare da rubutu har ɗakina ya koma kamar shagon mai magani.

Baba bai ce da ni komai ba, da mahaifiyata ya yi maganar a tsakar gida, da murya daidai yadda zan ji.

"Ƙashi ya ɗoru. Mai ɗori ya hwaɗi, hoto ya hwaɗi. Mi ya rage in ba raki ba? Wancan ya sa ana ganin gidanga ba a koya ma ɗiya gaisuwa."

Na san abin da ke ransa. A ganinsa, yarda da ni daidai yake da cewa abokinsa ya ɓata aiki, ko da yake ba wanda ya faɗi haka. Amma sani bai rage mini ɗacin ba. Na yi kuka a ranar, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ba hannun ne ya sa ni kukan ba.

Ƙanwata, wadda ke aikin jinya a Malbaza, ita ce ta gaji da kallon abin ta sa ni a mota muka tafi Yamai. Likitan da muka gani bai taɓa hannun ba sai da ya nemi izini, wannan kaɗai ya sa na yarda da shi. Ya kira ciwon da wani dogon suna na Faransanci, algodistirofi, sannan ya sauko da shi inda zan gane. Ya ce ƙashi ya warke gaskiya ne, amma jijiyoyin da suka yi ihu ranar da mota ta danne su ba su daina ihun ba, har sun kai ga ɗaukar shafar tsumma a matsayin wuta. Ya ce ba laifin mai ɗori ba ne, yana samun wanda aka yi wa aiki a asibiti ma. Na so a ce Baba na wurin ya ji da kunnensa.

An fara da ƙwayoyi da motsa yatsu, watanni ina kai da kawowa, abin bai taka kara ya karya ba. Daga nan likitan ya kawo maganar ketamin. Ya ce maganin da suke sa mutum barci da shi ne a ɗakin tiyata, amma ni kaɗan za a ba ni, ta ƙarin ruwa, a hankali, awanni a kowace rana har 'yan kwanaki, ana kallon jinina da numfashina. Bai yi mini alkawarin warkewa ba. Ya ce wasu ba ya yi musu komai, wasu kuma yana kwantar musu da jijiyoyin na 'yan makonni, kuma a cikin makonnin nan ne zan sake koya wa hannun zama da duniya: in shafa auduga, in shafa zane, in tsoma yatsu cikin ƙwaryar gero. Ya kalle ni ya ƙara da cewa kada in bari kowa ya matsa shi, ko waye.

Ba zan manta kwanciyar nan ba. Ruwan na shiga jikina sai rufin ɗakin ya fara nisa, muryar mai jinya ta koma kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Na ga motata tana tafiya a jikin bango, cike da zabi sun sa huluna suna gardamar wurin zama. Zuciyata ta yi ta tashi, na yi amai, na ji kamar hannun ba nawa ba ne, aro aka ba ni. Tsoro na ji sosai, ba daɗi ba, duk wanda ya ce maka wannan abin sha'awa ne bai kwanta a gadon ba. Amma a rana ta uku zanen gado ya zamo ya rufe mini hannu, ina kallonsa, ban yi ƙara ba. Zafi na nan, sai dai ya koma na mutane, irin wanda ake iya magana a cikinsa.

Da za a sallame ni aka ba ni na sha. Ruwa ne a 'yar kwalba, ana auna shi da sirinji marar allura a matsa a baki, ɗaci kamar maɗaci, yana sa jiri. Aka hana ni tuƙi, aka ce in riƙa zuwa ana duba hanta, in na ji zafin fitsari in faɗa da wuri. Kwalbar ma ba a hannuna aka bar ta ba, ƙanwata ce ke riƙe da ita tana aunawa.

Labari ya riga ni isa gida, kuma ya isa da ƙari. Wani kawuna mai sayar da maganin dabbobi a kara, kasuwar dabbobi, ya ji sunan maganin, ya tafa hannu ya ce ai ya san shi, shi ake yi wa doki in za a yi masa aiki. Kafin azahar na tashi daga mai aljani na koma ɗan ƙwaya mai takardar likita. Masu faɗin haka kuwa su ne waɗanda ke sayen kafso a faranti a tsakiyar rana, suna zaɓa da launi, ja da rawaya na ciwon baya, kore na ƙarfin jiki.

Baba dai murna yake, tunda an ce masa wancan ya samu sauƙi. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don masu zuwa barka da arziki. So yake gari ya ga ɗansa na miƙa hannu, a wanke gidan daga abin da ake faɗa. Ni kuma, a nan ne wautata ta fi ta kowa, so nake Baba ya gani. Na tuna maganar likita sarai, na ajiye ta gefe na zauna kusa da shi.

Mai ɗori ne ya fara. Ya kama, ya matsa, ya juya wuyan hannun dama da hagu yana duba aikinsa, ya ce ai ya faɗa tun farko. Daga nan layi ya kafu. Ba gaisuwa suke yi ba, gwaji suke, kowa sai ya latsa ya ce nan fa, ya ƙara latsawa ya ce nan fa, yadda ake latsa ragon layya a kasuwa. Kawuna mai maganin doki har da girgizawa. Ni kuwa ina murmushi ina cewa da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙanwata ba ta da ikon fitowa cikin maza, daga zaure take ta gyaran murya tana kirana, na yi kamar ban ji ba. Makonnin da aka sha wahalar samo mini a Yamai na raba wa mutanen unguwa a yammaci ɗaya.

Da aka kira magariba muka tsuguna alwala ni da Baba a bakin ƙofa. Ruwa na taɓa hannun sai butar ta kuɓuce mini, na dafe ƙasa da na hagu. Ya juyo zai yi faɗa sai idonsa ya sauka a kan hannuna na dama. Hannun ya kumbura har yatsun sun rabu da juna, ya yi duhu yana sheƙi, gumi na ɗiga daga gare shi, ɗayan kuma a bushe lafiya lau. Ya ɗago yatsa zai taɓa, ya tsaya a hanya, ya mayar. Gani ya kori ji. Ya ɗauki butata ya cika ta ya ajiye mini ta ɓangaren hagu.

Na koma Yamai na sha faɗan da na cancanta. Likitan ya ce ba a maimaita ƙarin ruwan yadda mutum ya ga dama, sai na jira, na kuwa jira cikin wutar da na hura da kaina. Ƙarin ruwa na biyun bai yi aikin na farko ba, amma ya yi wani abu, na dawo da 'yar kwalbata da ƙwaryar gerona.

Mutanenmu ba sa gajiya da barka da arziki. Na iso ke nan suka sake taruwa, su ɗin dai, da hannuwansu a shirye. Wannan karon Baba ya zaunar da ni a bayansa, ya zauna a bakin tabarma. Duk wanda ya nufo ni sai ya tarar da hannun tsoho a gabansa. Mai ɗori ya yi ƙoƙarin miƙawa ta saman kafaɗarsa, Baba ya cafke shi, ya shiga tambayar gida da yara da damina da ciwon gwiwa, bai sake shi ba sai da ya zauna.

"Hannu nai na wurina," ya ce, yana kallon jama'a. "Duk mai son gaisuwa shi kawo nan."

Wasu sun yi dariya, wasu sun ji haushi, kawuna ya tafi yana gunaguni cewa yanzu uba da ɗa duk sun sha na doki. Ban damu ba. Har yau ban koma tuƙi ba, wani ke jan motar, ina nan ina tsoma yatsu a gero, wata rana da dama wata rana babu. An rage mini na shan a hankali, kuma ba wanda ya san ko za a sake buƙatar gadon asibitin.

Shekara da shekaru Baba yana da wurinsa a sahun farko, bayan liman, ba mai tsaya masa a ciki. Tun daga ranar ya bar shi. Duk inda na tsaya a masallaci sai ya ratso ya tsaya a damana, don in an sallame shi ne na kusa da hannun, kuma ba ya miƙowa. Har yanzu "wancan" nake, bai taɓa cewa ya yarda da ni ba, ban kuma sa rai zai faɗa ba.

Wata Juma'a bayan sallama na ga ya ɗora hannunsa a kan gwiwarsa, tafin yana kallon sama, idonsa na kan alƙibla kamar bai san da ni ba. Na daɗe ina kallon hannun. Sannan na ɗago nawa da kaina na ɗora yatsuna a ciki, a hankali. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna maza da riƙo ya bar tafinsa a buɗe, bai rufe ba har na ɗauke.