Kilo Huɗu na Dalma da Jin Nauyin Alhaji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 13 ga Afrilu 2024, kwana uku bayan Ƙaramar Sallah, Allah Ya karɓi ran malaminmu na nutso, Abdulƙadir Ɗanbatta mazaunin Croydon, a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, tafiyar awa biyu daga Landan.

Abdulƙadir, kai ka koya mana cewa dalmar da mai nutso yake ɗaurawa a ƙugu don ta saukar da shi ƙasa ba ado ba ce. Idan ta yi kaɗan, ruwa ya tofo mutum sama ba shiri. Idan ta yi yawa, ta ja shi inda ba a dawowa. Da hannunka kake narka ta a garejinka, ka yanka wa kowane ɗalibi daidai jikinsa. Ni sai da ka tsayar da ni a ruwa sau biyar, kana cire rabin kilo kana mayarwa, har na yi fushi. Ka yi dariya ka ce, "Isma'ila, gara ka yi fushi a sama." Bayan kowane azumi sai ka sake gwada mu duka, don jikin da ya rame ba ya ɗaukar dalmar da ya saba.

Ranar nan Alhaji Sa'ad, mai gida a gefen Regent's Park, ya zo da sabbin silindar iskar shaƙa biyu na ƙarfe masu nauyi, ga ramar azumi, ga ɗamarar dalmar da ya yi amfani da ita a teku, alhali ruwan daɗi irin na ramin nan ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri. A hankali ka ce masa, "Alhaji, da an rage kilo huɗu."

Ya ce, "Na yi diving a Red Sea tun kafin ka samu visa. Ni za ka auna kamar buhun gero?"

Ka ji nauyinsa, domin ya girme ka kuma a gaban mutane ne. Ba ka sake tayar da maganar dalmar ba, sai ka ce kai za ka shiga tare da shi. Ni ma ina tsaye na yi shiru, kuma wannan shirun yana cin raina har yau.

Ina bayanku a zurfin mita arba'in lokacin da jakar iskar da ke hana shi nutsewa ta kasa riƙe shi, ya fara zarcewa ƙasa yana fafutuka. Na ga ka bi shi, ka cafko shi, ka yanke ɗamarar. Ya ƙanƙame ka, kuka taso sama ba tsayawa. Kai, saurin tasowar nan daga zurfi shi ya zama ajalinka; shi kuwa ya yi kwana biyu a asibiti ya fito.

Sai ga shi a zaman makoki, da babbar riga da ƙamshin turare, yana gaya wa jama'a cewa "marigayi ya yi gaggawar fitowa, ƙaddara ce." A gaban matarka Zinatu ya faɗa, 'yarka Afrah tana ji. Mutumin da ko ɗamararsa bai iya ɗaurawa ba, wai shi ne yau yake gyara maka aiki. 'Yan ƙungiyarmu ta nutso kuma, masu layin cin shinkafar gidansa, suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Tir da wannan hali. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina mu a ranar ba.

Da na tashi tafiya Afrah ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Uncle, da gaske Baba ne ya yi mistake?" Na ce mata a'a. Ranar da za a zauna binciken mutuwarka zan maimaita a'ar nan da rantsuwa, Alhaji yana zaune, kuma ba zan ji nauyin kowa ba.

Allah Ya jiƙanka, Abdulƙadir, Ya yalwata kabarinka, Ya nauyaya mizaninka da ran da ka ceto. Zinatu, Afrah, da 'yan'uwa na Ɗanbatta, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma Allah Ya yafe mini shirun da na yi, amin.