Ranar da Kakana Ya Yi Amshi a Rumfar Manya

Da zarar ruwan farko ya sauka a Tawa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da na alli, sai in tuna da bikin rufe lakkwal, wato makarantar boko, in tuna da kakana.

Ɗan garin Barmu ne. Tun yana ƙarami aka kama shi aka kai boko, ya dawo da abu biyu: lissafi da waƙar taro. Lissafin ya kai shi shugabancin ofishin kuɗi na jiha, inda ko ƙudaje sai sun yi gyaran murya kafin su shiga. Waƙar kuwa ba ta kai shi ko'ina ba sai tsakar gidanmu. Da la'asar yakan jera mu jikoki ƙarƙashin darbejiya, masu siririyar murya a dama, masu kauri a hagu, ya ɗaga yatsa. Muryarsa kamar ana mirgina tandu a cikin rijiya.

Kakarmu ba ta so. A ganinta waƙa aikin makaɗa ce, ba ta mai babbar riga ba. Tun suna amare ta karɓi alkawari: cikin gida ya yi ta yi, amma ban da gaban jama'a. Ya riƙe alkawarin har furfura ta cika masa gemu.

Ina aji huɗu aka zaɓe ni in ja waƙa ranar biki, ƴan ajinmu su amsa. Kakana yana cikin rumfar manya, kusa da kumandan mai mulkin gari. Na fito da sabon zane mai ƙamshin shuni, na rera layin farko. Shiru. Ashe malaminmu, wanda ke ɗaga hannu a shigo, ya sunkuya yana fama da wayar lasifika. Yara kuwa an hore su da bulala kada kowa ya buɗe baki sai ya ga hannu. Na sake rerawa. Shiru, sai kukan akuya daga bayan katanga. Wani ya yi dariya. Na hango ƙofa, na auna yawan takun da zai fitar da ni.

Sai ga muryar nan daga rumfa. Kakana ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, ya ba ni amshi shi kaɗai, bai rage ko gaɓa ba. A layi na biyu yara suka bi shi. A na uku har kumandan yana kaɗa ƙafa.

Labari ya riga mu isa gida. Kakarmu na bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

"Alhaji, ina alkawali?"

"Ni ban yi waƙa ba, Hajiya. Ɗiya ta yi kira, na amsa. Ko sallama ai amsa ta aka yi."

"To, Sarkin Makaɗa, ga tuwo nan."

Sunan ya bi shi har ya haura casa'in, kuma bai taɓa ƙin amsa shi ba. Kunne ya tafi, ido ya rage, amma har makonsa na ƙarshe in ya ga bakunanmu na motsi tare, yatsan nan sai ya tashi.

Yau yawancin makarantu waya ake haɗawa da lasifika, yara su yi ta motsa baki. Ni ce shugabar wata makaranta yanzu, kuma na hana. Shi ya sa kowace shekara sai wata yarinya ta kafe a gaban jama'a. Ni kuwa ina nan cikin rumfa, tsakanin manya, na riga na share maƙogwaro.